"Sabon Tyson": Yadda aka gina na farkon cikin wata 20

Tun daren 16 ga Agustan 2025, da Moses Itauma ya gama da Dillian Whyte a birnin Riyad tun ba a cika minti biyu da fara turmin farko ba, magana ɗaya ta ƙi barin bakin masu kallon damben boksin: an samu sabon Tyson. Yaron ɗan Birtaniya ne, uwarsa 'yar Slobakiya, ubansa ɗan Najeriya, shi ya sa mu ma muke jin muna da rabo a ciki. A teburin mai shayi da shafukan Facebook gardamar ba ta sauya ba. Wasu sun ce an sake haihuwar Mike Tyson. Wasu sun ce ai shi Tyson ɗin ma ragwaye aka riƙa jera masa yana turewa.

To, wane ne Tyson ɗin da ake kwatance da shi? Yaron da ya ɗaura kambun duniya yana da shekara 20 da wata 4, tsabar ƙarfi ne ya kai shi, ko ɗora shi aka yi tubali bisa tubali? Hoton da yawancinmu muka tashi da shi, na wani ɗan daba da ya faɗo daga titi yana zubar da ƙarti, kaset ɗin gidan kallo ne ya ba mu shi. Kaset ɗin nan kuwa, kamar yadda za mu gani, da gangan aka haɗa shi don ya ba mu wannan hoton.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ajin masu nauyi shi ne na waɗanda suka haura kilo 90 da ɗoriya a yawancin hukumomin yau, kuma ba shi da iyaka ta sama. Mai kilo 95 zai iya sa zare da mai kilo 125, doka ba ta ce komai ba.

"Zakaran duniya" kuma ba mutum ɗaya ba ne. Manyan hukumomi huɗu ne ke ba da kambu: WBA, WBC, IBF da WBO. A 1986 uku ne kawai, domin sai 1988 aka kafa WBO. Idan aka ce Tyson ya zama zakara a 1986, kambun WBC kaɗai ake nufi. Sauran biyun sai a 1987 ya haɗa su.

Sai kisa. A dambenmu na gargajiya, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A boksin kana iya faɗuwa ka tashi kafin alƙali ya ƙirga 10, a ci gaba, in ba ka tashi ba an yi kisa. Akwai kuma kisan da alƙali ke yankewa da kansa idan ya ga mutum ba zai iya kare kansa ba. Duka biyun a lissafin "bugun kwaf ɗaya" suke shiga, wannan ya sa adadin kan yi kyau a takarda fiye da yadda abin ya kasance a fage.

Na ƙarshe, damben koyo daban, na ƙwararru daban. A na koyo, irin na gasar Olamfik, turmi 3 ne kuma maki ake tarawa. A na ƙwararru kuɗi ake nema, kuma babu jadawalin da ke tilasta wa matashi haɗuwa da wane. Manajansa ne ke zaɓar masa abokin karawa. A riƙe wannan, a nan gizo ke saƙar.

Daga kiwon tattabaru zuwa gidan Catskill

An haifi Tyson ranar 30 ga Yunin 1966 a Brooklyn, birnin New York, ya tashi a unguwar Brownsville, inda talauci da daba suka yi gida. Yana yaro mai jin kunya ne, mai siririyar murya, abin tsokanar yaran unguwa, ba shi da abin so kamar kiwon tattabaru. Ya sha faɗa cewa faɗansa na farko da wani ƙato ne da ya fizge kan tattabararsa a gabansa. Duk wanda ya taɓa ajiye tattabaru a soron gida ya san abin da ya taso wa yaron nan a ƙirji. Kafin ya cika 13 'yan sanda sun kama shi sama da sau 30, aka kai shi gidan gyaran hali na Tryon. A can wani ma'aikaci, tsohon ɗan dambe mai suna Bobby Stewart, ya fara nuna masa hannu, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya kai shi wurin Cus D'Amato, wani mai horar da 'yan dambe a garin Catskill.

D'Amato a lokacin ya haura 70, duniyar dambe ta kusa mantawa da shi. Amma shi ne ya raini Floyd Patterson har ya zama zakaran masu nauyi a 1956 yana da shekara 21, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa gani a lokacin. Wato tarihin da Tyson zai karya, ɗan gidansu ne ya kafa shi. Da a gidan dambenmu ne, da Shagon D'Amato za a riƙa kiran su biyun.

Tsohon ya ɗauki Tyson ya zauna da shi a gidan da yake tare da abokiyar zamansa Camille Ewald. Mahaifiyar Tyson ta rasu a 1982, daga baya D'Amato ya zama marikinsa a hukumance. Shekara 5 yaron ya yi a gidan nan kafin ya karɓi ko sisin kwabo na dambe: gudun asuba, atisaye, da dare kuma a ɗora majigi a kalli tsofaffin wasanni. Wandon nan baƙi, takalmi ba safa, da shigowa fage ba alkyabba, duk daga kallon tsofaffin zakaru irin su Jack Dempsey ya kwaso su.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A 1982 Teddy Atlas, matashin da ke horar da shi kullum, ya ɗora masa bindiga a kunne bisa zargin ya taɓa wata ƙaramar yarinya 'yar'uwar matarsa. Atlas aka sallama, Tyson ya zauna, aka miƙa shi ga wani mai horarwa, Kevin Rooney. Tsohon yana ganin kabarinsa kusa, yana so ya ga zakara kafin ya tafi, sai ya riƙa kawar da kai daga abubuwan da ya kamata a tsawatar. An gyara hannun yaron matuƙar gyara. Halinsa kuwa an bar shi yadda aka same shi, an dai lulluɓe.

Dabarar gajeren mutum

Tsawon Tyson ƙafa 5 da inci 10 ne, kimanin santimita 178. A ajin masu nauyi wannan gajarta ce sosai. Anthony Joshua santimita 198 ne, Tyson Fury kuwa ya haura 200. Dogo yana dukanka daga inda hannunka ba ya kai masa. Gajere dole ya ratsa ruwan naushi kafin ya iso inda zai yi aiki.

Salon D'Amato don wannan aka yi shi. Hannu biyu manne da kunci, haɓa a soke cikin ƙirji, mutum yana leƙe ta saman safar hannu. Kai ba ya tsayawa wuri ɗaya: dama, hagu, ƙasa, kafin naushi da bayan naushi. Ana rataye ƙaramar jaka cike da yashi tana lilo, yaro ya tsaya a hanyarta yana kauce mata har jiki ya haddace. Kowane naushi da lambarsa, mai horarwa ya kira lambobi a jere, hannu ya amsa ba tare da jiran tunani ba. In ka sake kallon tsofaffin wasannin, ka bar kallon wanda ke faɗuwa, ka kalli ƙugun Tyson da ƙafafunsa. Za ka ga ya nutse, naushin wancan ya wuce ta saman kansa, ya yi tsalle ɗan kaɗan zuwa gefe, ya sa dama a haƙarƙari sannan ya ɗago da ita ƙarƙashin haɓa. Abin da ya rikita manya shi ne sun kai duka sun samu iska, kuma kafin su janye hannu an riga an biya su.

Yaron ma matsoraci ne, a ma'ana mai kyau. Akwai hoton bidiyo na 1982 da ke nuna shi yana kuka a kafaɗar Atlas kafin ya shiga wasan gasar matasa ta ƙasa, gasar da ya ci a 1981 da 1982. D'Amato yakan kwatanta tsoro da wuta, wadda za ta dafa maka abinci in ka iya da ita, ta ƙone gidan in ta kuɓuce. Duk da haka salon bai karɓe shi ba a damben maki. A 1984 Henry Tillman ya doke shi sau biyu a wasannin neman gurbin Olamfik, ya je Los Angeles ya ɗauko zinare. Tyson ya shiga damben kuɗi ba lambar Olamfik, ba babban kwantiragi.

Wasa 28, da kaset a jakar ɗan aike

Ranar 6 ga Maris 1985, a Albany, ya fara da wani Hector Mercedes da bai taɓa cin wasa ba. Turmin farko aka tashi. Kafin shekarar ta ƙare ya yi wasa 15, a 1986 ya ƙara 13. Wani lokacin kwana 7 ko 8 ne tsakanin wasa da wasa. Wasanninsa 19 na farko duk kisa ne, 12 daga ciki a turmin farko.

Su wa ke tsara wannan? Jim Jacobs da Bill Cayton, manajojinsa, mutanen da suka mallaki rumbun finafinan dambe mafi girma a lokacin. Sun san hoto kamar yunwar cikinsu. Suka riƙa yanko daƙiƙun kisa, su haɗa a kaset ɗaya, su aika wa masu labarin wasanni na gidajen talabijin. Mai karanta labarai yana neman abin da zai cika rabin minti, ga kuma mutum yana kifewa cikin rabin minti. A Janairun 1986, tun bai kara da wani sananne ba, hotonsa ya hau bangon mujallar Sports Illustrated.

Zaɓen abokan karawa kuwa fannin D'Amato ne tun fil azal. Shi ne ya sa Patterson ya kare kambunsa a 1957 da Pete Rademacher, mutumin da ranar ce ya fara damben ƙwararru a rayuwarsa. Shi ne kuma ya yi ta kauce wa haɗa Patterson da Sonny Liston, ɗan damben da ake tsoro a lokacin, har Patterson ya ƙi jin maganarsa ya amsa wasan a 1962, aka kwantar da shi a turmin farko, aka maimaita masa a 1963. Mutumin da ya ga haka ba zai jefa yaro ɗan 18 a bakin kura ba.

Saboda haka masu cewa an jera masa ragwaye ba ƙarya suka yi ba, game da 1985. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa wannan maguɗi ne. Haka ake rainon kowane matashi mai tasowa, har Muhammad Ali da Joshua. Abin dubawa shi ne ko matakalar tana hawa. Ta Tyson ta hau: daga waɗanda ba su san komai ba, zuwa dogaye, zuwa masu jure duka, zuwa tsofaffin hannu. Kowane wasa da darasin da ake so ya ɗauka. Yawan wasan ma da wata manufa, domin yaron da ke sansanin atisaye kullum ba shi da lokacin komawa Brownsville.

D'Amato ya ga wasa 11 kacal. Ciwon huhu ya ɗauke shi ranar 4 ga Nuwamban 1985 yana da shekara 77. Bayan kwana 9 Tyson ya sake hawa fage.

Inda bango ya fara tsagewa

A Fabrairun 1986 ya haɗu da Jesse Ferguson, wasansa na farko a babbar tashar talabijin ta ƙasa. Ya fasa masa hanci ya kai shi ƙasa a turmi na 5, Ferguson ya tashi ya rungume shi ya ƙi saki, har alƙali ya kore shi a turmi na 6 saboda riƙo. Mutanen Tyson suka ce ba su yarda ba, kora za ta ɓata jerin kisan da ake tallarsa da shi, aka mayar da hukuncin kisan alƙali. Ka ga yadda ake tsaron lissafin takarda.

Sai 3 ga Mayu, a Glens Falls, da James Tillis, wanda ya taɓa neman kambun WBA a 1981. Tillis bai ji tsoro ba. Ya yi ta zagaye, ya tsikara da hagu, ya riƙe idan an matso, ya kai duka idan an raba. Ya faɗi sau ɗaya a turmi na 4, ya tashi, aka yi turmi 10 cur. Alƙalai biyu cikin uku turmi 6 suka ba Tyson, 4 suka ba Tillis. A ganina wannan ne wasa mafi amfani a duk tasowarsa, kuma shi ne ba ka samu a kaset ɗin gidan kallo. Ya nuna cewa in mutum ya jure guguwar farko, bai firgita ba, Tyson yakan yarda a rungume shi, kansa ya rage motsi, naushinsa ya koma ɗaya-ɗaya. Bayan kwana 17 Mitch Green ma ya kai shi ƙarshen turmi 10. A Yuli ya share Marvis Frazier, ɗan Joe Frazier, cikin daƙiƙa 30, kowa ya manta da Tillis.

Daren Berbick, da kasuwar da ya tarar

Tyson ya zo a kan gaɓa. Ali ya yi ritaya, Larry Holmes da ya mamaye fagen bayansa ya sha kashi a hannun Michael Spinks a 1985, kambun WBA kuma ya zama kamar hular aro: tsakanin Disambar 1982 da Disambar 1986 sau 6 yana sauya kai. Tashar talabijin ta HBO da Don King, babban mai shirya wasannin dambe, suka shirya jerin wasanni don a haɗa kambunan a hannun mutum ɗaya, kuma suna matuƙar buƙatar wanda jama'a za su biya kuɗi su kalla.

Ranar 22 ga Nuwamban 1986 a Las Vegas, Trevor Berbick, mai kambun WBC kuma mutum na ƙarshe da ya kara da Ali, ya yi kuskuren tsayawa gaba da gaba. A turmi na 2 hagu ta same shi a gefen kai. Ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya zube. Ya yunƙura, ƙafafu suka kwashe shi zuwa igiya ya sake faɗuwa. Ya sake yunƙurawa, ya kife ta ɗaya gefen. Naushi ɗaya, faɗuwa uku. Da ya miƙe a karo na ƙarshe alƙali Mills Lane ya rungume shi ya ɗaga hannu.

A Maris 1987 ya karɓe na WBA daga James Smith, a Agusta na IBF daga Tony Tucker. Dukansu dogaye ne, dukansu sun kai shi ƙarshen turmi 12.

Ɓangarori biyu, da abin da kowanne ya tsallake

Masoyansa suna cewa Tyson na 1986 zuwa 1988 zai kwantar da kowa a tarihi, hujjarsu Holmes a turmi na 4 da Spinks cikin daƙiƙa 91. Masu suka suna amsawa da cewa Holmes yana da shekara 38 kuma daga ritaya aka taso shi, Spinks kuwa daga ƙaramin aji ya hauro, sannan da ya gamu da sa'anninsa na gaske, Evander Holyfield a 1996 da 1997 da Lennox Lewis a 2002, bai kai labari ba.

Duka biyun suna magana kamar Tyson mutum ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wanda ya doke Berbick aikin mutum biyar ne: shi, da D'Amato, da Rooney, da Jacobs, da Cayton. D'Amato ya rasu a 1985, Jacobs a Maris 1988. Kafin shekarar ta fita an sallami Rooney, ana shari'a da Cayton, Don King ya shige gaba. Salon nan na kauce-kauce yana cin ƙafa da ƙugu, sai da atisaye kullum da mai tsawa a kai. Da aka daina, abin da ya rage shi ne gajeren mutum mai nauyin hannu yana tafiya kai tsaye cikin naushi.

Ranar 11 ga Fabrairun 1990 a Tokyo, Buster Douglas, wanda Ferguson da Tucker duk sun taɓa dokewa, ya yi abin da Tillis ya gwada, da tsawo da ƙarfin da Tillis ba shi da su. Idon Tyson na hagu ya kumbura, aka duba kusurwarsa babu ɗan ƙarfen sanyin da ake danne kumburi da shi. Safar roba suka cika da ruwa suna manna masa a fuska. Zakaran duniya ke nan, mai miliyoyin daloli. Turmi na 10 ya faɗi yana lalube abin kare haƙoransa a ƙasa. Yana da shekara 23.

Abin da ya shafi Itauma, da mai kallo, da yaron unguwa

Maganar Itauma ya karya tarihin Tyson na zama zakaran masu nauyi mafi ƙarancin shekaru ta riga ta wuce. An haifi Itauma a Disambar 2004, da sai ya ɗaura kambu kafin ƙarshen Mayun 2025. Ba laifinsa ba ne, kasuwar ce ta sauya. Wasan Whyte shi ne na 13 da ya yi cikin shekara biyu da rabi, inda Tyson ya yi 28 cikin wata 20 da 'yan kwanaki. Yau babban kuɗi yana cikin 'yan manyan tarukan da ake yi jefi-jefi, musamman na Saudiyya, manyan zakaru sau ɗaya ko biyu suke fitowa a shekara, kuma rashin nasara ɗaya yakan karya farashin matashi. Ba manajan da zai fito da hajarsa duk bayan mako biyu.

Ga mai kallo, musamman wanda wani ɗan gajeren bidiyo na waya ya sa har yake tunanin zuba kuɗinsa a caca, bidiyon nan jikan kaset ɗin Jacobs da Cayton ne. In an ce wane ya ci 15 ba faɗuwa, a tambaya su wa ya doke, shekarunsu nawa, wasa nawa suka sha kashi kafin ranar, kuma an taɓa kai shi turmin da numfashi ke yankewa?

Ga yaran da ke dukan buhun yashi a Kano ko Kaduna ko Yamai suna mafarkin zama Tyson, akwai lissafin da ba a yi musu. Kowane jerin nasara 20 yana nufin mutum 20 ne suka koma gida da kumburarriyar fuska da ɗan abin cefane, kuma mafi yawan masu shiga sana'ar a wannan layin suke ƙarewa, sai wanda ya samu mai tsaya masa. A Maris 2025 ɗan damben Najeriya Gabriel Oluwasegun Olanrewaju, mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar wasa a Accra, bai sake tashi ba.

Shi kuwa Itauma, hannunsa da sauri, idonsa a buɗe, kuma bahago ne, abin da ke ƙara rikita abokan karawa. Amma Whyte da ya doke yana da shekara 37, ya riga ya sha manyan duka a hannun Joshua da Povetkin da Fury. Har zuwa daren nan na Riyad babu wanda ya taɓa wuce da yaron turmi na 6, bai kuma gamu da nasa Tillis ɗin ba.